Ƙurar Beriliyam da Lafiyar Ma'aikata



Abin da zan yi bayani a kansa yau shi ne wani ƙarfe da a ke kira beriliyam, da irin cutar da ƙurarsa ta ke jawo wa masu aiki da shi, da kuma hanyoyin da a ke bi don a kare su. Na san da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin ko sunansa ba, balle su gan shi. Mafi yawan labarin da zan bayar kuwa a ƙasar Amurka ya faru, domin a can ne aka fi haƙo shi da sarrafa shi. Dalilin da ya sa na zaɓe shi shi ne, tarihinsa ya fito da wata matsala fili, wadda ta shafi duk wanda aka ɗora wa nauyin kula da lafiyar ma'aikata. Matsalar ita ce, yaya za a kare mutum daga abin da ido ba ya gani, hanci ba ya ji, wanda kuma cutarsa ba ta bayyana sai bayan shekara 10 ko 20, sa'ad da watakila ma'aikacin ya riga ya bar aikin?

Mene ne beriliyam?

Beriliyam ƙarfe ne mai launin toka, shi ne na 4 a jerin sinadaran asali da ɗaliban kimiyya su ke haddacewa. Wani masani Bafaranshe mai suna Louis-Nicolas Vauquelin ne ya gano shi a shekarar 1798, a cikin dutsen beril da zumurrudu. A shekarar 1828 kuma Friedrich Wöhler a Jamus da Antoine Bussy a Faransa suka iya ware shi tsantsa, kowa a nasa ɗakin bincike. Da fari Faransawa sun raɗa masa suna da ke nufin mai zaƙi, saboda gishirinsa yana da zaƙi a harshe, gama masanan wancan zamani su kan ɗanɗana abin da su ke bincike a kai.

Abin da ya sa masana'antu su ke ƙaunarsa shi ne, ya haɗa halaye da ba safai a ke samun su a ƙarfe ɗaya ba. Nauyinsa kimanin kashi 2 bisa 3 ne na alminiyam, amma ya fi baƙin ƙarfe wuyar lanƙwasuwa, kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,287 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka zuba kimanin kashi 2 cikin 100 nasa a cikin jan ƙarfe, sai a sami ƙarfe mai ƙwari, mai ɗaukar lantarki, wanda ba ya fid da tartsatsi idan an buga shi. Don haka a ke ƙera guduma da sifana da shi domin matatun man fetur, da kuma 'yan ƙananan mahaɗan lantarki na cikin kwamfuta da wayar salula da motoci. Ana amfani da shi a jiragen sama, da makaman nukiliya, da injin ɗaukar hoton ƙirji na asibiti, da wasu ƙarafan da a ke yin haƙoran maye da su. Babban madubin hangen taurari na James Webb, wanda aka harba sama a watan Disamba 2021, faifai 18 ne na beriliyam aka haɗa. Mafi yawan wanda a ke haƙowa a duniya daga dutsen Spor na jihar Yuta a Amurka ya ke fitowa.

Ya kamata a lura da wani abu tun daga nan. Ƙarfen da aka gama ƙerawa, yana zaune a cikin inji ko waya, ba ya cutar da mai amfani da shi. Haɗarin yana tasowa ne sa'ad da aka narka shi, ko aka yanka, ko aka wasa, ko aka goge, ko aka yi masa walda, watau duk lokacin da ya zama ƙura ko hayaƙi da za a iya shaƙa.

Yadda aka gano cutar

Tun a shekarun 1930 likitoci a Jamus da Italiya da Tarayyar Sobiyet suka fara ba da rahoton ma'aikatan tace beriliyam da huhunsu ya kumbura farat ɗaya, kamar masu ciwon haƙarƙari. A shekarar 1943 aka ga irin wannan a jihar Ohayo ta Amurka. Amma a wannan shekara ɗin ce Hukumar Lafiyar Jama'a ta Amurka ta buga wani rahoto da ya wanke beriliyam, ya ɗora laifin a kan sauran sinadaran da a ke cuɗa shi da su wajen tacewa. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ana bukatar ƙarfen ƙwarai, saboda haka wannan hukunci ya yi wa mutane da yawa daɗi.

A daidai wannan lokaci, a garin Salem na jihar Masacusets, akwai masana'antar da ke yin dogon ƙwan lantarki. Farar hodar da a ke shafa wa cikin ƙwan a zamanin tana ɗauke da beriliyam. Sai aka ga ma'aikata, yawancinsu mata matasa, suna ramewa, suna tari, numfashi yana gagararsu, wasu har suka mutu. An zaci tarin fuka ne, an zaci wata cuta ce da likitoci ke kira sakoidosis. Wata likita mai suna Harriet Hardy, wadda ke aiki a sashen kula da lafiyar ma'aikata na gwamnatin jihar, ta bi marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarsu wane aiki suka yi, a wane ɗaki, kuma yaushe. A shekarar 1946 ita da abokin aikinta Irving Tabershaw suka buga bayanin mutum 17, suka nuna cewa abin da ya haɗa su duka shi ne hodar beriliyam, kuma wasunsu ba su kamu ba sai bayan sun daɗe da barin masana'antar. A shekarar 1949 masu yin ƙwan lantarki suka daina amfani da wannan hoda. A 1952 kuma Hardy ta buɗe rajistar masu cutar a babban asibitin Masacusets, don a riƙa bin sawunsu har ƙarshen rayuwarsu.

Abin bai tsaya a cikin masana'anta ba. A garin Lorain na jihar Ohayo, inda akwai matatar beriliyam, an sami kimanin mutum 10 da suka kamu alhali ba su taɓa shiga matatar ba, maƙwabtaka kawai su ke yi da ita, iska tana kai musu hayaƙinta. An kuma sami matan aure da suka kamu ta hanyar kakkaɓewa da wanke tufafin aikin mazajensu.

Adadin da aka yanke a cikin tasi

Bayan yaƙi, babban mai sayen beriliyam shi ne Hukumar Makamashin Nukiliya ta Amurka, don haka ita ce ta nemi a faɗa mata iyakar ƙurar da za a bari a iskar wurin aiki. Masanin da ya binciki al'amarin Lorain, Merril Eisenbud, ya ba da labari daga baya cewa shi da wani likita mai suna Willard Machle sun tsai da adadin ne a cikin motar tasi, a kan hanyarsu ta zuwa taro. Ba su da cikakken bincike a hannu, sai suka yi kirdado ta hanyar kwatanta shi da wasu ƙarafa masu guba, suka kuma rage don tsantseni. Adadin da suka fitar shi ne maikurogiram 2 a cikin kowace mita ɗaya ta iska, watau akwatin iska mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Hukumar ta karɓe shi a shekarar 1949.

Bari mu kwatanta wannan adadi da abin da muka sani. Maikurogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram. Ƙwayar shinkafa ɗaya ta kan yi nauyin kimanin miligiram 20. A ɗauki ɗaki mai tsawon mita 5, faɗin mita 5, tsayin mita 4. Idan aka raba ƙwayar shinkafa gida 100, aka niƙe gida ɗaya, aka watsa shi a iskar ɗakin nan, to, an kai iyakar ke nan. Babu idon da zai ga wannan ƙura, ko da hasken rana ya ratsa ta taga.

Gaskiya ne wannan iyaka ta yi amfani. Cutar nan mai kamu farat ɗaya, wadda ke zuwa sa'ad da aka shaƙi ƙura mai yawa, ta kusan ɓacewa. Sababbin masu kamuwa da cuta mai jinkiri ma suka ragu a idon likitoci. Daga nan sai aka sakankance cewa an gama da matsalar. Sa'ad da aka kafa hukumar kula da tsaro da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wadda a ke kira OSHA, ta ɗauki wannan adadi ta mai da shi doka a shekarar 1971. A 1975 ta yi yunƙurin rage shi zuwa rabi, amma masana'antu da masu kula da makamai suka yi tirjiya, maganar ta bi ruwa. Abin da aka fara da kirdado ya zama kamar gaskiyar da ba a jayayya da ita.

Yadda cutar ta ke aiki a jiki

Don a gane dalilin da ya sa iyakar ba ta wadatar ba, wajibi ne a san yadda cutar ta ke. Yawancin guba, irin su darma, ɓarnarsu tana bin yawan abin da ya shiga jiki ne. Cutar beriliyam mai jinkiri kuwa ta fi kama da borin jini, inda wani ya kan ci wani abinci jikinsa ya ƙi shi, wani kuma ya ci lafiya lau. Idan ƙurar ta kai can ƙarshen huhu, inda 'yan jakunkunan iska su ke, sai ta maƙale, ba ta narkewa da sauri, tana iya zama shekara da shekaru. A jikin wasu mutane, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu tsaron jiki, su kan shaida ta a matsayin abokin gaba. Wannan shi ne mataki na farko, kuma mutum ba ya jin komai a lokacin. Daga nan sai ƙwayoyin su riƙa taruwa suna kewaye ƙurar, suna yin ƙulli-ƙulli a cikin huhu. Tun da ba su iya kawar da ita, faɗan ba ya ƙarewa, har ƙullin ya zama tabo, huhu ya sandare, ya kasa shigar da iska cikin jini.

Alamominta su ne haki idan an hau bene ko an yi tafiya kaɗan, da busasshen tari, da gajiya, da rama, da zazzaɓi, da gumin dare. Duk wanda ya san tarin fuka zai ga yadda za a iya rikita su. Tana iya bayyana bayan 'yan watanni, tana kuma iya jinkiri har shekara 30 ko 40. Ba ta da magani mai warkarwa. Abin da likita ya ke yi shi ne ya ba da magungunan da ke kwantar da masu tsaron jiki, irin su furedinisolon, don a rage gudun cutar, sa'an nan idan ta yi nisa a haɗa mutum da tukunyar iskar shaƙa. Ban da huhu, gishirin beriliyam yana sa ƙuraje a fata, kuma idan ɓarɓashinsa ya shiga rauni, raunin ya kan ƙi warkewa sai an fid da shi. Har wa yau, a shekarar 1993 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa beriliyam a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam, watau sankarar huhu.

A wannan shekara ta 1993 ne kuma wasu masu bincike suka nuna cewa akwai wata alama ta gado a jikin ƙwayoyin jini wadda a ke samu a wurin mafi yawan masu cutar. Sai wasu suka ce, to, me zai hana a gwada masu neman aiki, a ƙi ɗaukar masu wannan alama? Amsar ita ce, kusan kashi 1 bisa 3 na mutane suna da ita, yawancinsu kuwa ba za su kamu ba, ga shi kuma akwai masu kamuwa da ba su da ita. A Amurka ma dokar shekarar 2008 ta hana mai ɗaukar aiki ya nuna bambanci bisa abin da mutum ya gada a jini. Nauyin dai yana kan mai masana'anta ya tsabtace iskarsa.

Yadda aka gyara dokar

A shekarar 1984 aka tabbatar da cutar a jikin wani ma'aikaci a Rocky Flats ta jihar Kolorado, inda a ke ƙera sassan makaman nukiliya, wurin da a ke ganin yana bin doka. A shekarun da suka biyo baya likitoci suka fara amfani da wani gwajin jini. A kan ɗebi jinin ma'aikaci, a ware fararen ƙwayoyinsa, a zuba musu gishirin beriliyam kaɗan a ɗakin bincike. Idan suka shiga hayayyafa, alama ce jikin ya riga ya shaida ƙarfen. A kan maimaita gwajin don tabbatarwa, sa'an nan a duba huhu. Da aka gwada ma'aikata dubbai a masana'antu daban-daban, sai aka tarar daga kimanin kashi 1 har zuwa sama da kashi 10 cikin 100 jikinsu ya shaida shi, gwargwadon irin aikinsu. Masu yanka da wasa ƙarfe a inji su ne kan gaba, amma har da masu gadi da akawuna da ke ratsawa ta wurin kawai. Da yawansu ba su taɓa aiki a iskar da ta wuce maikurogiram 2 ba.

Daga nan gyara ya fara, ko da ya ke da tafiyar hawainiya. A 1999 Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa shirin kare ma'aikatanta, ta ce a fara ɗaukar mataki tun daga maikurogiram 0.2. A shekarar 2000 majalisar dokoki ta yi dokar biyan diyyar dala 150,000 da kuɗin magani ga ma'aikatan makaman nukiliya da suka kamu. A 2012 babban kamfanin da ke sarrafa beriliyam a ƙasar da ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan ƙarafa suka haɗa kai suka miƙa wa OSHA daftarin sabuwar doka. A watan Janairu 2017 hukumar ta rage iyakar zuwa maikurogiram 0.2 a tsawon aikin awa 8, ta ƙiyasta cewa dokar ta shafi ma'aikata kimanin 62,000. Tarayyar Turai ita ma ta tsai da wannan adadi a 2019, tare da ba masana'antu wa'adin shiri. Daga 1949 zuwa 2017 shekara 68 ke nan, fiye da tsawon aikin uba da ɗansa.

Matakan kariya

Masana lafiyar ma'aikata sun jera matakan kariya bisa ga ƙarfinsu, kuma jerin yana da muhimmanci. Na farko, idan akwai wani ƙarfe da zai yi aikin, a sauya, kamar yadda masu ƙwan lantarki suka yi a 1949. Na biyu, idan babu makawa, a hana ƙurar tashi tun daga tushe: a rufe injin a cikin akwati, a kafa bututun zuƙe iska dab da bakin abin yanka, a yi yanka da wasa da ruwa, a tace iskar kafin a sake ta waje. Na uku, a tsara aikin: a keɓe sashen beriliyam da alama, a hana shiga ga wanda ba shi da aiki, a hana ci da sha da shan taba a ciki, a hana shara da busasshiyar tsintsiya da hure ƙura da iskar inji, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma ko injin zuƙe ƙura mai matata ta musamman. Na huɗu, kayan sawa: riga da safar hannu da takunkumi mai matata wanda aka gwada ya dace da fuskar mai shi. Wannan shi ne na ƙarshe saboda shi ne mafi rauni, gama zafi ya kan sa mutum ya cire takunkumi, gemu ya kan hana shi zama daidai, kuma ƙyallen da a ke ɗaurawa a hanci ba ya tare irin wannan ƙura ko kaɗan.

Tufafin aiki kuwa kada su bar masana'anta. A tanadi wurin wanka da ɗakin sauya kaya guda biyu, mai masana'anta ya ɗauki nauyin wanki, ya kuma sanar da mai wankin abin da ke jikin kayan. Sa'an nan a riƙa auna iskar da ke kusa da hancin ma'aikaci, a yi masa gwajin jini kyauta. Dokar 2017 ta ce a duba lafiyarsa aƙalla sau ɗaya a shekara 2, kuma wanda aka tarar jikinsa ya shaida ƙarfen yana da damar a mai da shi wani sashe, a kiyaye masa albashinsa har wata 6. Wannan tanadi yana da hikima, domin ma'aikacin da ya san gwaji zai raba shi da abincinsa ba zai yarda a gwada shi ba. Daga ƙarshe, a adana takardun awo da na asibiti shekaru masu yawa, tun da cutar tana iya zuwa bayan an yi ritaya.

Inda abin ya shafe mu

Ba mu da matatar beriliyam a Nijeriya. Ana dai haƙo duwatsun ado na dangin beril, irin su zumurrudu, a jihohin Nasarawa da Kaduna, kuma sa su a zobe ko sarƙa ba shi da haɗari. Inda ya kamata a sa ido shi ne wurin masu fasa tsofaffin kwamfutoci da wayoyi da na'urorin sadarwa suna ƙonawa da narkawa don fid da jan ƙarfe, da masu wasa haƙoran maye na ƙarfe, da masu gyaran kayan aikin matatun mai da na jiragen sama. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta kawar da ƙura da hayaƙi masu cutarwa daga wurin aiki, Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ya jawo, kuma tun 1964 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa cutar beriliyam a jerin waɗanda suka cancanci diyya. Sai dai yawancin masu fasa kayan nan ba su ƙarƙashin kowace masana'anta mai rajista, sufeto ba ya kai musu ziyara. Ga ɗaliban likitanci kuma, idan mai tari ya sha maganin tarin fuka har ya ƙare bai samu sauƙi ba, gwaji kuma bai nuna ƙwayar cutar ba, to, a yi masa tambayar da Harriet Hardy ta yi wa matan Salem: wane aiki ka ke yi, kuma wane aiki ka taɓa yi a baya?

Kammalawa

Abin da na ke so mu tafi da shi shi ne, adadin da doka ta tsayar ƙoƙarin mutane ne bisa ga ilmin da su ke da shi a ranar da suka tsai da shi. Wajibi ne a bi shi, amma wajibi ne kuma a ci gaba da duba lafiyar waɗanda ke aiki a ƙarƙashinsa, a gyara shi da zarar shaida ta nuna bai isa ba. Wanda ya ce sai ya ga marasa lafiya kafin ya motsa, a cuta mai jinkiri irin wannan, zai tarar duk waɗanda za su kamu sun riga sun shaƙi rabonsu shekara 20 da suka wuce. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wasunku nan gaba su ne za su sa hannu a kan lasisin masana'anta, ko su rubuta rahoton sufeto, ko su zauna a kwamitin diyya. Ina roƙon a lokacin su tambayi abin da ke cikin iskar wurin, da wanda ya auna ta, da kuma inda aka ajiye sakamakon.